Ranar da Injiniya Ya Jera Wa Kibod A, B, C

Duk wanda ya ce muku aski kaɗai ake yi a shagon mai aski, bai taɓa zama a nawa ba. Ni aji shida na gama na ajiye biro, amma abin da na gani ta cikin madubin nan, mai digiri uku ma bai gani ba. Ku gyara zama in ba ku na Injiniya.

Injiniya maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba shagona da nasa. Fanka yake gyarawa. To, gyara dai. Ka kai masa fanka mai gudu uku, ka karɓo ta da gudu ɗaya, shi ma da baya take juyawa. Ba wanda ya raɗa masa Injiniya, shi ya raɗa wa kansa, ya rubuta a allo da jan fenti. Kullum akwai sukudireba a bayan kunnensa, ko gaisuwar rasuwa zai je.

Matarsa, Maman Biyu, tana da ƙanwa, Auta, da ke karatu a wata jami'a mai nisan gaske. Ranar da nake ba ku labari ranar yaye su ce, kuma makarantar za ta nuna taron kai tsaye a intanet da ƙarfe huɗu. Sau ɗaya tak, ba maimaici. Mahaifiyarsu, Inna, gwiwa ta hana ta tafiya, ga ido ya yi rauni, shafin makarantar kuma ba ya buɗewa a waya. Tsohuwar nan wata guda tana faɗin magana ɗaya: "Ni dai in ga an miƙa wa Auta takardar nan da idona."

Da Auta za ta tafi ta bar wa Injiniya tsohuwar kwamfutarta, irin mai akwati da kibod daban, wato allon nan na maɓallan rubutu. Ta sa mata wani tsari na kyauta da ake ce wa Linuks, mai hoton wani tsuntsu mai tumbi a zaune. Tun ranar Injiniya ya hana mu sakat.

"Mu 'yan Linuks ba ma roƙon kowa," in ji shi. "Umarni muke ba inji, ya ce to."

Sai ya yi shela a layi: zai haɗa kwamfutar da babbar talabijin ɗin shagona, Inna ta ga 'yarta kamar ta miƙa hannu ta taɓa ta. Ya gayyaci kowa. Har mai wucewa ya gayyata.

Ƙarfe biyu sai ga shi da kwamfuta a baro, an lulluɓe ta da bargo kamar marar lafiya. Tela ya baro kekensa ya zo. Mai Fotokwafi na ƙarshen layi ya zo. A kan kujerata kuwa akwai wani Direba, na aske masa gefen dama ke nan. Maman Biyu ta riƙo Inna da sandarta, aka zaunar da ita a kujera mai hannu, gaban talabijin sosai.

"Inna, ku sa ido kawai," in ji Injiniya. "Minti biyu. In ya kai uku, ku cire min suna."

Inna ta ce, "Allah ya yi albarka, Baban Biyu."

Ya jona wayoyi, tsuntsu mai tumbi ya fito a talabijin, aka yi tafi. Ya rusuna kamar shi ya ƙyanƙyashe tsuntsun. Ya buɗe burauza, wato abin da ake shiga intanet da shi, ya shiga shafin makarantar. Wurin da bidiyo zai fito sai ga wani fili mai ruwan toka, da ɗan rubutun Turanci a tsakiya.

Mai Fotokwafi ya karanta ya ce, "Wai sai an sa mata fulogin."

Direba ya ce, "Mene ne kuma fulogin?"

"Wani ɗan ƙari ne da ake sa wa burauza ta iya nuna bidiyo," in ji Injiniya. "Kamar yadda ake sa wa fanka fiffike. Na san da zuwansa. Ni nake jiransa ma."

Maman Biyu ta ce, "Ai Auta ta turo maka yadda ake yi a waya. Ka duba mana."

"Yarinyar da na saya wa alawa ce za ta koya min aiki? Layi ɗaya na ɗauka a saƙonta, shi ma don kada ta ji haushi."

Ya zaro wata 'yar takarda daga hula. Ya buɗe wani baƙin allo, baƙi ƙirin, ba hoto ba ado, sai wani ɗan farin abu yana ƙyaftawa.

"Kun ga nan? Nan ne ɗakin manya. Yara ba sa shigowa nan."

Ya kwafi layin da yatsa ɗaya, yana lasar leɓe. Haruffa suka fito farare tas. Saura maɓallin da ke aika umarni, wato Enta. Ya danna Enta. Sai injin ya nemi kalmar sirri.

Nan na ga fuskarsa ta ɗan canza. Ya cire hula ya kife a kan hannunsa.

"Kowa ya juya baya."

Tela ya ce, "Sirrin me? Taska ce a ciki?"

"Ka juya dai."

Muka juya. Ni madubi ke gabana, don haka juyawata ba ta rage komai ba. Ya lalubi haruffa a ƙarƙashin hula, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya ɗaga kai. Ba abin da ya fito. Ko ɗigo. Ɗan farin abin nan na nan inda yake, yana ƙyafta masa ido. Ya sake bugawa. Shiru. Ya sake, da ƙarfi. Shiru. Ya danna Enta, injin ya ce ba daidai ba, a sake.

Injiniya ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kibod ya mutu."

Na ce, "Yanzu-yanzu fa ya yi rubutu."

"Haka mutuwa take, Mai Aski. Kakana ma yana cikin magana ya tafi."

Ya kife kibod ya jijjiga. Ɓawon gyaɗa ya zubo, da allura, da wani kyankyaso da ya riga mu gidan gaskiya tun bara. Ya ce ga mai laifin nan. Ya karɓi injin busar da gashina ya kunna a wuta ta ƙarshe, ya kafa wa kibod. Kafin in ce a'a, dogon maɓallin nan na ƙasa ya lanƙwashe kamar ayaba.

Direba ya ce, "Mai Aski, ka ƙarasa min kaina, ina da lodi ƙarfe uku."

Na ce, "Yi haƙuri, kai ba ya guduwa. Wannan kuwa in ya wuce ya wuce."

Injiniya ya zaro sukudireba daga bayan kunne. Yau ranarta ta zo. Ya dinga ɓantare maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a kwanon askina, ya zuba musu sifirit ya wanke su fes. Harafi ɗaya ya yi tsalle ya shige rigar Tela, sai da aka cire rigar. Da aka zo mayarwa, ya tsaya ya ƙura wa kwanon ido.

Tela ya ce, "Ka san inda kowanne yake dai ko?"

"Ni fa! Kai ka taɓa lura da yadda suka jera su? Ka ga Q a farko? A wace makaranta Q ke zuwa farko? Masu kamfanin nan sauri suke yi, shi ya sa haruffan ke rikicewa su ƙi fita. Yau zan gyara musu kuskurensu."

Wallahi sai ya jera su A, B, C, D, yana rerawa kamar ɗan aji ɗaya. Ni kaina a lokacin sai da na ga kamar yana da gaskiya.

Aka jona. Ya buɗe sabon baƙin allo, ya danna A. Sai Q ta fito. Ya danna B, sai W.

Tela ya ce, "Injiniya, ka ba shi A ya ba ka Q. Ko canji ne ba shi da shi?"

"Bai saba ba ne. Sabon tsari sai a hankali."

Inna ta ce, "Ƙarfe nawa yanzu?"

Maman Biyu ta ce, "Uku da kwata, Inna."

Tsohuwa ta gyara riƙon sandarta.

Injiniya ya juya kan Mai Fotokwafi. "Ara min naka."

"Nawa? Wanda nake ci da shi? Bayan abin da na ga ka yi wa wannan?"

"Don Inna fa."

Mai Fotokwafi ya kalli Inna, kunya ta kama shi. Ya je ya ɗauko kibod ɗinsa a rungume, har da ledarsa ta kanti. Ya ce, "Ba sukudireba, ba wuta, ba wanka."

Aka jona. Injiniya ya sake kwafar layin, haruffa suka fito tsaf. "Kun gani? Na ce muku!" Enta. Kalmar sirri. Hula a kan hannu. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ba komai.

Mai Fotokwafi ya ɗora hannu a ka. "Ya kashe min! Jama'a ku shaida, da ransa na kawo shi!"

"Ba ni ba ne, ƙwayar cuta ce! Tana zaune daidai wurin nan, duk harafin da ya zo sai ta haɗiye."

Direba ya ce, "To a ba ta ta ƙoshi mana."

Injiniya ya ce shawara ce mai kyau, dama abin da zai yi ke nan. Ya kwantar da tafin hannu biyu a kan kibod yana murzawa kamar mai wanki. Ya danna Enta. Injin ya ce ba daidai ba.

Tela ya matso ya leƙa. "Ni a ganina rubutun na nan. Baƙin zare ne a kan baƙin yadi. Ko ni in na yi ɗinki haka ba na gani sai na kai rana."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan ka riga ni," in ji Injiniya. "A kawo tocila!"

Aka haska talabijin da tocila uku. Aka ƙure mata haske har Inna ta kare ido. Ba komai. Injiniya ya ce a fita da ita rana. Na ce duk wanda ya taɓa min talabijin sai na aske masa gira. Kafin nan shago ya cika maƙil, har taga mutane. Wata mai sayar da lemo ta ajiye tirenta ta ce yau ba ciniki sai ta ga ƙarshen wannan.

Uku da rabi ta wuce. Gumi ya jiƙa Injiniya har wando. Ya buga, ya danna, ya buga, ya danna. Abin da bai sani ba, mu ma ba mu sani ba sai daga baya, injin nan sau uku yake tambaya. In ka faɗi sau uku sai ya daina tambaya, ya koma yadda yake da farko, inda duk abin da ka rubuta kowa na gani.

Injiniya kuwa kansa na ƙasa, hancinsa a cikin hula. Ya ce, "Kowa ya juya! Wannan karon a hankali zan bi ta."

Ba wanda ya juya. Sai ga haruffa suna fitowa a talabijin, manya-manya, farare sol. Tela ya fara karantawa da ƙarfi, yadda ake yi a aji.

"Ban..."

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"...iya..."

Direba ya kama masa. "...komai..."

Shago gaba ɗaya, har na taga: "...BA!"

Injiniya ya ɗago. Ga shi nan a allo, faɗin bango: baniyakomaiba. Hannunsa ya riga ya danna Enta. Injin ya ba da amsa da Turanci.

Na ce, "Fotokwafi, me ya ce?"

Yana share hawaye ya ce, "Wai bai san wannan umarnin ba."

Tela ya ce, "Shi ne bai sani ba. Mu mun daɗe da sani."

Kai, jama'a! Mai lemo ta zauna a kan tirenta. Direba ya faɗo daga kujera da ƙyallen aski a wuya. Maman Biyu ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Auta ce ta sa min!" in ji Injiniya. "Sharrin Auta ne! Ta ce in na iya in canza!"

Na ce, "Shekara nawa yanzu?"

Maman Biyu ta ce, "Huɗu."

Aka sake fashewa. Injiniya ya dunƙule hannu ya kai wa tebur duka, ya sami gefen kibod. Mai Fotokwafi ya yi kukan kura ya fizge abinsa, ya mayar a leda, ya fice yana lallashinsa. Daga bakin ƙofa ya ce ko uwarsa ce za a yaye ba zai sake bayarwa ba.

Saura minti goma sha biyu. Saura kibod ɗaya, mai A, B, C da ayaba a ƙasa.

Dariya ta ɗauke, don kowa ya tuna da Inna. Tana zaune, ta ƙura wa filin toka ido. Maman Biyu ta kira Auta, waya a kashe, suna cikin zauren taro.

Sai Inna ta buga sanda a ƙasa.

"Ku matso min da teburin nan."

Injiniya ya durƙusa. "Inna, ku yi haƙuri, wannan ba aikin manya ba ne. Haruffan ma duk sun..."

"Baban Biyu, shekara talatin da ɗaya ina buga tafireta a ofis. Kana tsammanin maɓalli nake kallo? Ɗaga min takardar nan kusa da idona."

Ashe mu duka mun manta. Mu dai mun san ta da sanda da ciwon gwiwa.

Ta ɗora yatsu takwas a layin tsakiya, ta shafa su, ta ɗan taɓe baki da ta ji ayabar. Sai ta miƙe baya. Ni ban taɓa ganin bayan Inna a miƙe haka ba. Kafin in haɗiye yawu, tararararas! Layin ya fito cif, ba kuskure ko ɗaya. Yatsunta ba ruwansu da abin da Injiniya ya jera a sama, sun san gidan kowane harafi tun kafin a haife shi.

Injin ya nemi kalmar sirri.

Injiniya ya ce, "Nan ne fa, Inna. Nan ƙwayar cutar take."

"Faɗa min kalmar."

"Ai... kun gani a allo."

"Idona ba ya gani sosai. Faɗa da bakinka."

Ya sunkuyar da kai ya yi ƙus-ƙus.

"Kunnena ma ba ya ji sosai."

"Ban iya komai ba, Inna."

"Madalla."

Tararas! Ba abin da ya fito. Ko kallon allon ba ta yi ba, ta sa ɗan ƙaramin yatsa ta taɓa Enta. Sai ga rubutu na gangarowa kamar an buɗe famfo, layi bayan layi, lambobi na hawa.

Tela ya ce, "Inna, yaya aka yi? Ba mu ga kin rubuta komai ba."

"Kai ma dai. Abin da aka ce sirri ne, sai a baje maka shi a bango? A ofis in ina buga takardar sirri, ko manaja ba ya leƙawa. Injin nan ya fi ku tarbiyya."

Maman Biyu ta zare wayar mijinta daga aljihunsa, ta buɗe saƙon Auta, ta gangara ƙasa inda bai taɓa zuwa ba. Ta karanta mana: "Yaya, in kana buga kalmar sirri ba za ka ga komai ba, haka yake, kada ka taɓa kibod ɗin. Na san halinka. In ya gama, ka rufe burauza ka sake buɗewa."

Direba ya ce, "Yarinyar nan ta cancanci digiri biyu."

Maman Biyu ta kama linzamin kwamfutar ta rufe burauza, ta sake buɗewa. Filin toka ya yi ƙyaf, ya yi ƙyaf, sai ga zaure cike da mutane da manyan riguna da huluna masu tebur a ka. Shago ya ɗauki ihu. An riga an fara kiran sunaye, ana hawa ɗaya bayan ɗaya.

Nan fa Injiniya ya farfaɗo. Ya miƙe, ya mayar da sukudireba bayan kunne, ya je ya tsaya daidai gaban talabijin ya buɗe hannuwa.

"To jama'a, kun ga amfanin wankin da na yi wa maɓallan. Da ban sassauta su da sifirit ba, da yatsun Inna ba su..."

Maman Biyu ta ƙwala ihu. "An kira ta! Ga ta nan! Baban Biyu, matsa!"

"Bari in ƙarasa bayani, domin fulogin iri biyu ne..."

Inna ta gyara zama. Ta juya sandarta, ta saƙalo wuyan rigarsa da lanƙwasar, ta fizga gefe. Injiniya ya tafi taga-taga ya faɗa cikin baronsa, ƙafafu a sama, baron ya gangara da shi har bakin ƙofa.

Ga Auta, ta cika talabijin. Ta karɓi takardarta, ta juyo ta kalli kyamara, ta ɗaga ta sama tana dariya. Inna ta miƙa hannu ta shafa gilashin, daidai kumatun yarinyar.

"Na gani," in ji ta. "Alhamdu lillahi, na gani."

Ni kaina sai da na yi kamar gashi ne ya shiga min ido.

Sai Direba ya zabura. Ya duba agogo ya yi salati, ya fita da gudu da rabin kai a aske. Kwana biyu yana yawo a haka, wai har wasu samari sun fara kwaikwayo.

Da Inna za ta tafi ta tsaya a kan baro, inda surukinta ke kwance yana jiran wanda zai ɗaga shi.

"Baban Biyu, ka ce in ya kai minti uku a cire maka suna."

"Wasa nake yi, Inna."

"Ni ba wasa nake yi ba. Gobe da safe ka kawo min kibod ɗin gida da sukudirebarka, in nuna maka gidan kowa. Za mu fara daga layin tsakiya."

Washegari Tela ya sami jan fenti ya yi wa allon shagon ɗan ƙari. Injiniya ya goge, ya sake gogewa, amma jan fenti ba ya jin magana. In kun biyo ta layinmu za ku gani, a ƙarƙashin INJINIYA, da ƙananan haruffa. Ba sai na faɗa muku abin da aka rubuta ba. Sirri ne.